Ni da Guguwa a Duwatsun Benin

Tun da na dawo ban yi aikin kirki a shago ba. In na ɗauki zarto sai wani ya leƙo, "Lawali, wai da gaske kun yi gudun nan?" In na sa ƙusa a baki sai wani ya shigo da waya yana nuna mani hoton kaina, kamar ban san fuskata ba. Shekaranjiya har limaminmu ya tare ni a bakin masallaci yana tambayar ko can ma ana kiran salla. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarin gaba ɗaya, kowa ya huta, ni ma in koma ga ƙofofin mutane da ke jirana.

Ga wanda bai san ni ba, ni kafinta ne a Anka, shekaruna sun haura arba'in. Gudu ba ya cikin tsarina da can. Babanmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har ya rasu, kuma ranar da aka gwada jinina a asibiti likita ya ce ni ma hanyar da na ɗauko ke nan. Daga nan na fara fita bayan sallar asuba. Kun san yadda dajinmu ya koma, ba mai hankalin da zai fita bayan gari shi kaɗai da sunan motsa jiki. Don haka duk gudun da na yi shekarun nan a filin makaranta na yi shi, da layukan cikin gari, ina zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Da farko zagaye biyu ke kayar da ni. Daga baya ya zama ranar da ba aiki sai in fara da asuba, in tsaya lokacin da rana ta take tsaka. Mutane suka gaji da yi mani dariya suka bar ni.

Murtala kuwa, wanda kuka sani da Guguwa, ɗan Gummi ne, kuma na girme shi nesa. Kowa ya san shi a waya. Kullum yana da sabon bidiyo: ga shi da gumi a bakin kwalta, ga shi yana cewa ya taso daga Gummi ya kai Sakkwato da ƙafa a yini ɗaya. Wani ya ba shi labarina, sai ga shi a shago wata rana da jajayen takalma.

"Yaya Lawali, kai ne mai zagayen hilin nan? Ka zamna nan kana ɓata baiwa! Akwai tsere can ƙasar Benin, cikin duwatsu, kilomita saba'in, daga asuba zuwa hwaɗuwar rana. Mu tahi mu ɗauko ma Zamfara suna."

Zan faɗi gaskiya a kansa tun yanzu: ba don shi ba da ban je ko'ina ba. Shi ya gano tseren, shi ya sa sunayenmu, shi ya bi wani attajiri a Gummi har ya ɗauki nauyin tafiyar. Ni ko hanyar neman irin wannan ban sani ba. Abin da na sani kawai, tun ranar da ya ambaci duwatsu da daji zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Ina so in ga ko abin da nake yi a filin makaranta gudu ne na gaske, ko kuwa zagaye ne kawai.

Na fara biyawa ta Bukkuyum, inda Inna take zaune wurin yayana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wa ka korar ka, Lawali?"

"Ba kowa, Inna."

"To mutum da ɗiyanai da sana'atai shi tashi shi tahi wata ƙasa shi yi ta gudu, ba a biyo shi ba?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli da ɗan gwangwanin man shanu, ta ce in riƙa shafa wa ƙafafuna. Ta yi mani addu'a mai tsawo, ta ƙare da cewa Allah ya shirye ni.

Hanyar Gummi kun san ta. Sai rana ta ɗaga motoci ke tashi, a jere, kuma akwai wuraren da hira ke mutuwa a cikin mota ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba. Mun isa lafiya. A tashar Gummi na tarar Guguwa ya tara makaɗa da samari, an buga riguna masu hotonsa ya cika ƙirji. Nawa sunan yana baya, da ƙananan haruffa, kuma an rubuta Lawwali Kapinta. Na sa rigar don kada in ɓata mishi rai. Ya hau bayan mota ya yi jawabi, ya ce ba zai dawo Gummi ba sai da lambar zinariya a wuya. Aka yi ta tafi. Ni ina gefe ina tsare jakunkuna.

Muka bi ta Jega, muka haye gadar Kwara, muka ratsa ƙasar Ka'oje har bakin iyaka a Tsamiya. A nan muka gamu da matsalar farko. Ina cikin layi riƙe da takarduna da katin rigakafi, sai na ji murya a bayana: "Jama'a ga Guguwarku a bakin iyakar ƙasa da ƙasa!" Ya ɗaga waya yana juyawa da ita, har da shingen da jami'an da ke zaune. Kafin ya rufe baki wani jami'i na ɓangaren can ya miƙo hannu ya karɓe wayar. Ashe an hana ɗaukar hoto a wurin, ga allo ma an kafa, da Faransanci.

Ban taɓa ganin mutum ya sauya kama kamar yadda Murtala ya yi ba. Kamar an zare mishi laka. Muka zauna a benci rana tana dukanmu, motarmu ta gaji ta tafi ta bar mu. Daga baya wani dattijo mai canjin kuɗi, mai jin Hausa da Faransanci, ya shiga tsakani. Jami'in ya dubi rigar Murtala, ya dubi hoton, ya tambayi ko shi wane ne. Dattijon ya ce, "Wai zakaran gudu ne." Jami'in ya yi dariya ya sa aka goge bidiyon a gabansa, ya mayar da wayar, ya ce in mun ci tseren mu biyo mu nuna mishi. Muna haye shingen Murtala ya kunna wayar ya ce wa mabiyansa hukumomin ƙasar sun tsayar da mu ne don su gaisa da shi.

A Kandi muka kwana, a zango, gidan wani mai fataucin albasa da ya ce kakansa daga ƙasar Kabi ya zo. Hausarsu tana da daɗi, sai dai sun cusa mata Faransanci, in suna magana sai ka kama kai ka rasa wutsiya. Da safe aka kawo mana shayi da wani burodi dogo kamar ƙotar fartanya, ɓawonsa har yana yanka dasashi. Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar shi ne mata a kan babur. Mace da goyo a baya, da kwandon kaya a gaba, ta murɗa ta wuce ka, ba mai ko waiwayenta. 'Yan kabu-kabunsu kuma duk riga iri ɗaya suke sawa mai lamba a baya. Da rana ta take sai a rufe shaguna a tafi hutu, ko da mai saye na tsaye. Na ce a raina, in na yi haka a Anka ai sai a ce na samu taɓin hankali.

Daga Kandi muka yi kudu, muka wuce Parakou, har ƙasa ta fara tashi, duwatsu baƙaƙe suka fara fitowa daga cikin itatuwa. A garin da za a yi tseren aka sauke mu a wata makaranta, an jera katifu a azuzuwa. Akwai mutanen Togo, da na Gana, da na Burkina, da Turawa kaɗan masu jakunkunan ruwa a baya. Abincinsu sakwara ce da miyar gyaɗa. Naman ban san wanda ya yanka ba, don haka na tsaya ga cukun Fulani da suke soyawa su jefa a miya, suna ce mishi wagashi. Wannan kam na ci har na ji kunya. Gaisuwarsu ma daban ce: yaro in zai gaida babba sai ya durƙusa har ƙasa, su yi ta amsa wa juna da ɗan gunaguni a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya, kuma kowa ya gamsu.

Ana gobe tsere, muna alwalar la'asar a bakin famfo, idona ya sauka kan ƙafafun Murtala. Sumul suke, farata fari tas, ba kanta ba tabo. Na dubi nawa: farce biyu sun mutu sun yi baƙi, diddige kamar bayan kada. Bayan mun sallame na ce, "Murtala, tsakaninka da Allah, mi ne mafi nisan da ka taɓa yi da ƙafarka?"

"Haba Yaya, ba ka ga na Sakkwato ba?"

"Na gani. Na ga tashinka, na ga isarka. Tsakiyar nika tambaya."

Ya yi ta wasa da tasbaha. Can ya ce, "Akwai inda mota ta ɗan taimaka."

"Kamar nawa?"

"Yaya, mutane ba tsakiya suka son gani ba. Ko na yi ta duka, wa zai zamna shi kalla?" Ya ɗago kai. "Amma ina gudu hwa. Ina yin kilomita goma, wani lokaci sha biyar."

Na damu, ba don ƙaryar ba, don gobe. Na ce mishi ya bi ni sannu, kada ya kula da na gaba, ya sha ruwa tun bai ji ƙishirwa ba. Ya ce to. Na san bai ji ba.

Muka yi sallar asuba a gefen fili, gari na fara haske aka busa usur. Guguwa ya fita kamar an harba shi daga baka. Na hango jajayen takalmansa a gaban kowa, hannu ɗaya sama da waya, yana gudu yana magana. Ni na kama tafiyata ta filin makaranta, wadda jikina ya sani.

Ba zan iya kwatanta muku farkon tseren nan ba yadda ya kamata. Hanyar ta bar gari ta shiga gonakin rogo da doya, daga nan ta faɗa daji sosai, an ɗaɗɗaura jan ƙyalle a rassa don kada a ɓata. Na daɗe ina gudu kafin na lura da abin da nake yi: kowane ɗan lokaci sai na waiwaya, in na ji ƙarar babur daga nesa sai in fara neman wurin ɓuya. Sai na tuna inda nake. Ba mai biyo ni. Daji ne kawai, da tsuntsaye, da mata masu ɗauke da itace suna ce mana sannu da harshensu. Rabon da in shiga daji haka hankali kwance tun ina saurayi, lokacin da muke zuwa Gwashi cin kasuwa da ƙafa. Hawaye suka zo mani ina gudu, na bar su suka zuba.

Sai dutse na farko ya tare mu. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, ban taɓa hawan abin da ya fi tudun bakin gulbi ba. Na tasar mishi da gudu, kafin in kai rabi ƙirjina ya fara ƙuna. Wata mata mai furfura, gajera, ta zo ta gefena tana tafiya, hannuwanta a kan gwiwoyi. Ta dube ni ta ce da Hausar zango, "Mai gida, dutse ba a gudu. Taka. In ya sauka ka gudu." Sunanta Odil, unguwarzoma ce daga Parakou, ta ce ta sha zuwa wannan tseren. Na bi bayanta ina kwaikwayon takunta. Ban ji kunyar koyo wurin mace ba, numfashi nake nema.

A tasha ta uku, inda ake ba da ruwa da ayaba da gishiri, na tarar da Guguwa zaune a ƙasa ya yi amai, cinyoyinsa suna rawa su kaɗai. Na ce Odil ta wuce. Na murza mishi ƙafafu da man Inna, na ba shi ƙuli-ƙuli da gishiri, na ɗaga shi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba wanda ya gani a waya, domin wayar tana aljihu. Yaron nan ya tashi ya bi ni. Takalman nan sababbi sun yanke mishi diddige har jini ya ɓata safa. Ya faɗi a gangare ya kurje gwiwa. Yana tafe yana kiran sunan Allah, yana zagina, yana zagin wanda ya ƙirƙiro duwatsu a hanya, amma yana tafe. Muka wuce alamar kilomita talatin tare. Na ce, "Ka ga wannan? Ka ninka abin da ka taɓa yi." Bai ko dube ta ba.

Gaba kaɗan hanyar ta ratsa wani titin ƙasa, ga wani ɗan kabu-kabu a inuwa yana kallonmu. Ya nuna dutsen da ke gabanmu, ya zagaya hannu, alamar akwai hanya ta bayansa. Murtala ya tsaya.

"Yaya, ba kowa nan. Shi kai mu bayan dutsen ga, mu sauka nesa da tasha mu ƙarasa da ƙahwa. Wa zai sani?"

"Ni."

"Don Allah bari wannan magana. Na yi ma mutane alkawari. In na koma hannu wohi mi zan ce musu?"

"Ka ce ka yi talatin cikin duwatsu. Wallahi abin faɗi ne."

"Talatin cikin saba'in? Dariya za su yi min."

Na ce, "To ni ban baro Anka don in hau babur ba. Akwai babur a gida."

Ya dube ni kamar zai yi kuka, sannan ya ɗingisa ya hau. Na tsaya har ƙurarsu ta ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran ne ya hau da ni dutsen nan, don ƙarfina ya riga ya fara ƙarewa. A can ƙololuwa na tarar da mutum biyu zaune ƙarƙashin laima, suna ɗaura wa duk wanda ya iso wani koren zare a hannu. Ba a faɗa mana za a yi haka ba. Na dubi zaren na tuna Murtala.

Daga nan labarin ba shi da daɗin ji. Rana ta buɗe. Tsayuwar da na yi wurin Murtala ta ci mani lokaci, na zama cikin na baya. A bakin wani rafi na yi alwala na haɗa azahar da la'asar, da na yi sujada ta ƙarshe sai ƙafafuna suka ƙi tashi. Na daɗe a durƙushe ina lallashinsu kamar yara. Farcen babban yatsana ya fita a cikin takalmi, ina jin sa yana yawo. Na wuce wani Bature kwance a inuwa ana yi mishi fifita, na wuce wasu samari biyu na Togo sun cire lambobin tseren da ke ƙirjinsu suna jiran mota. Kowane ɗayansu ya fi ni ƙuruciya da kayan aiki. Zuciyata ta ce, kai ma ka yi abin da za ka iya, zauna. Sai na ce mata, bari mu kai waccan bishiyar tukuna. In mun kai sai in nuna mata wata. Haka muka yi ta yi da ita.

A tasha ta ƙarshe, rana ta yi ja, na hango jajayen takalma a ajiye a kan tebur. Murtala na zaune ba takalmi, an naɗe mishi ƙafafu da bandeji, ba lamba a ƙirjinsa. Shi dai ya ce mani da ya iso tashar da ke bayan dutsen aka fara tafa mishi, sai ya ji ba zai iya ba, ya cire lambar da kansa ya miƙa. Ɗan kabu-kabun kuma, wanda har lokacin yana tare da shi, ya nuna wuyan hannunsa yana dariya, alamar zaren aka nema aka rasa. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ban matsa ba.

Mai kula da tashar ya nuna rana, ya nuna agogo, ya girgiza kai. Saura kilomita takwas, kuma in rana ta faɗi an rufe. Na sha ruwa na juya zan tafi, ƙafata ta lanƙwashe na dafa tebur. Sai na ji Murtala ya miƙe.

"Yaya Lawali, wallahi ba ka zama nan. Hwaɗuwar ɗayanmu ta isa."

Ya haye bayan babur ɗin. Sauran hanyar tana bin gefen titi ne, tana shiga gona tana fitowa. Duk inda ta fito sai in tarar da shi tsaye a kan bandejinsa, waya a sama, yana kwarara ihu da muryar nan tasa da ta cika tashar Gummi: "Ga na Inna nan! Ga kafintan Anka, mai sassaƙa dutse da ƙahwa! Taka, ɗan Zamfara, ƙasa taka ce!" Mutanen ƙauyukan ba su jin ko kalma ɗaya, amma suka fito, mata suna guɗa irin tasu, suna buga robobi. Ni da na tsani hayaniyarsa tun daga gida, ranar nan ita na riƙa bi. In na shiga gona na daina jin sa sai ƙafa ta yi nauyi, in na jiyo shi daga nesa sai ta ɗagu. A wata mahaɗa ya sa wayar a kunnena yana bin gefena da ɗingishi, sai na ji muryar yayana daga Bukkuyum, da ta Inna a bayansa tana cewa, "A ce mishi tunda ya fara shi ƙare."

Na shiga filin makarantar rana ta taɓa kan itatuwa. Ba su fi mutum uku ba waɗanda suka shigo bayana kafin a rufe. Wanda ya zo na ɗaya, wani siririn saurayi daga arewacin Togo, tuni ya yi wanka ya ci abinci, yana zaune a gefe yana gyara igiyar takalminsa, ba wanda zai ce shi ne. Odil ce ta rataya mani lambar yabon waɗanda suka gama, don ta riga ni da nisa. Lambar ta katako ce, an sassaƙa dutse a jiki, ko goge ta ba a yi da kyau ba. Da a shagona aka yi ta da na sa an sake. Na riƙe ta na zauna a ƙasa.

Da safe muna haɗa kaya Murtala ya zo ya tsuguna kusa da ni. "Yaya, ara min ita minti ɗaya. Hoto ɗai zan yi."

Na ce, "Zo mu yi tare. Ka riƙe ta yadda kake so, amma tana wuyana."

Hoton da kuke ta nuna mani ke nan. A ƙarƙashinsa ya rubuta, "Mun gama!" Da muka iso tashar Gummi makaɗan nan suna jira. Ya hau bayan mota da sanda, ya ce rauni ne ya hana shi, ya ce shi ya horar da ni, ya ɗaga hannuna sama aka yi ta tafi. Babur bai shigo cikin jawabin ba. Ni kuma ban ce komai ba a wurin, don ba a tasha ake irin wannan maganar ba.

Masu tambaya na nawa na zo, amsa ita ce ina cikin na ƙarshe. Masu tambaya ko zan koma, in Allah ya kai mu zan koma, kuma na riga na fara hawa da sauka a matakalar tankin ruwan unguwarmu, tunda ita ce dutsen da muke da shi.

Kafin in fara rubutun nan na kira Murtala. Na ce mutane sun dame ni, zan ba da labarin duka, kuma ba zan tsallake babur ba. Na ji yana numfashi. Na shirya jin roƙo, ko faɗa.

Sai ya ce, "Rubuta. Amma don Allah Yaya, ka sa cewa na kai talatin da ƙahwata. Wannan ɗin ka sa shi."

To ga shi na sa. Murtala na Gummi ya yi kilomita talatin cikin duwatsun Benin da ƙafarsa, diddigensa na jini, ba waya a hannunsa. Ina gefensa, na gani da idona.